Bakin Wutar Baba Alcide

Duk wanda ya taso a Paulina ya san farar bas ɗin Nolan Louque, kuma ya san ba a tsayar da shi hira idan da baƙi a ciki. Yatsa biyu zai ɗaga maka daga kan sitiyari ya wuce, ko da kai ne ka riƙe shi ranar baftismarsa. Ƙaton mutum ne mai furfura a gemu, ya ba hamsin baya, kuma tun yana saurayi sana'arsa ɗaya ce: ya ɗauko mutum biyu ko huɗu daga otal a New Orleans, ya kai su fadama su ga kada, ya zaga da su tsofaffin gidajen masu gonakin rake, ya mayar da su kafin su gaji da shi. Ba ya ƙarƙashin kowane kamfani. Shi ne direba, shi ne mai bayani, shi ne mai wankin mota. A gidajen nan na da, yakan bar baƙi su gama yaba labule da fitilu, sannan ya ce su biyo shi baya inda bukkokin bayi suke. Wanda ya ce ƙafarsa na ciwo, Nolan zai tsaya ya jira shi har ƙafar ta warke.

Taurin kai dai gadon gidansu ne, mu da muka zauna da su mun sha gani.

Ranar Litinin ba ya ɗaukar baƙo ko me za a ba shi, don ranar tsofaffin unguwa ce. Ya kai wannan tsoho asibiti, ya kai waccan tsohuwa kanti, ya jira wata ta gama gyaran gashi. Ladansa gori ne. Mis Eula, wadda ta koya wa rabin garin nan karatun coci, ita ce shugabar masu gorin.

"Nolan, in baƙi ne sai ka lallaɓa kamar ka ɗauko ƙwai. Mu kuwa ka yi ta jijjiga mu kamar buhun dankali."

"Mis Eula, ai ku kun fi ƙwai ƙwari."

"Rufe mini baki ka dubi gabanka. Na san ka tun kana fitsarin kwance."

Idan Disamba ta kama, aikin yakan ninku. Shi ke raba kwalayen abinci na coci gida-gida, shi ke kwasar mawaƙa zuwa gidan tsofaffi, ga baƙi sun yi yawa saboda hutu. A kan wannan duka kuma ga itace. Kowane gida da ke titin bakin kogi yana da gurbinsa a kan ganuwar da ta tsare mu daga ruwan Mississippi, kuma a gurbin nan yake gina dalarsa ta itace. Na gidan Louque yana daidai saitin babbar bishiyar da ke ƙofar gidansu. A kafa doguwar sanda a tsakiya, a jingina huɗu a kewaye, a yi ta jera gungume kan gungume ana tsukewa har sama, a cika cikin da busasshen itace, a lulluɓe da gora don ta yi ta fashewa idan wuta ta kama. Jajiberin Kirsimeti, da duhu ya rufa, 'yan kwana-kwana su busa jiniya, kowa ya kunna tasa lokaci guda. Yara suna cewa don a haska wa Papa Noël, mai kawo musu kyautar Kirsimeti, hanya ne. Manya sun san dalili ne na buɗe ƙofa a sha miyar gumbo a gidajen juna.

Babu wanda ya kai Nolan iya gina dala a layinmu, kuma babu wanda ya kai shi rashin ganin tasa tana ci. Jajibere ita ce ranar da baƙi suka fi nemansa. Yakan kai su garin Gramercy inda ake samun wurin ajiye mota, ya tsaya yana yi musu bayanin wutar wasu, ya mayar da su birni, kafin ya dawo gida sai garwashi. Fiye da shekara ashirin haka yake yi. Gidansu kuwa bai taɓa kai baƙo ba. Wata shekara yana matashi ya ga wani mai yawon buɗe ido ya leƙo kicin ya ɗauki hoton mahaifiyarsa tana juya tukunya, ko gaisuwa babu. Tun ranar ya yanke cewa baƙi nasa ne a mota, amma iyalinsa ba abin kallo ba ne.

Mai kunna wutar gidan shi ne mahaifinsa, Alcide, tsoho ɗan tamanin da ɗoriya wanda ƙarar injin masana'antar sukari ta kashe wa kunne ɗaya. A shekarar da nake ba da labari, ranar da suka kafa sandar tsakiya, tsohon yana zaune a kujerarsa ta naɗewa yana ba da umarni kamar kullum, sai ya ɗaga kai.

"Nolan, sauko."

"Baba, bari in ƙarasa ɗaure wannan."

"Na ce ka sauko. Ba da tsani nake magana ba."

Nolan ya sauko yana share zufa. Huey, mijin ƙanwarsa, wanda aikinsa a wurin ginin bai wuce miƙo ƙusa da buɗe kwalba ba, shi ma ya matso. Tsohon ya miƙa hannun damansa a gabansu. Hannun yana rawa shi kaɗai.

"Kun ga wannan? Jiya kofi na zubar a wando kamar yaron goye. Bana ce ta ƙarshe da zan riƙe bakin wuta. Ubana a kan ganuwar nan ya miƙa mini, hannu da hannu, wuta na ci, haka ni ma zan miƙa. Wanda ya karɓa shi ke da ita har tsufansa. In kana nan, Nolan, taka ce. In kana can kana yi wa mutanen Ohio tatsuniya, ga Huey."

"Ni ko yau aka ce, a shirye nake," in ji Huey. "Ashana ma a aljihuna take kwana."

"Kai da ko murhun gasa nama ba ka iya hurawa sai ka ƙone gira?" Nolan ya ce.

An yi dariya, har da shi. Amma maganar tsohon ta soke Nolan, kuma ya ji tsoro irin wanda bai saba ji ba. Ba ƙin Huey yake ba. Abin da ya gani shi ne kansa yana ginawa har ƙarshen rayuwarsa wani yana kunnawa, da kuma hannun ubansa da ba zai sake samun damar karɓar komai daga gare shi ba.

Matsalar ita ce ya riga ya ba da kalmarsa. Wasu 'yan'uwa mata biyu daga garin Duluth da ke can arewa, Ingrid da Solveig Halvorsen, sun kama ranar tun watan Yuni. Ya buga wa duk direban da ya sani waya ko wani zai karɓe shi, kowa ya cika. Matarsa Verna ta saurare shi tana yanka albasa.

"Ka kira su ka ce ba ka da lafiya."

"Lafiyata lau."

"To sai ka rabu biyu, ka aiko mana da rabin da ya fi hankali."

"Gida zan kawo su."

Verna ta ajiye wuƙa ta juyo. "Kai? Kai da ko mai kawo wasiƙa ba ka so ya daɗe a ƙofa?"

"Ki ƙara kwano biyu, Verna. Jirginsu da hantsi zai sauka. Kafin rana ta karya muna nan."

Ranar jajibere ya tashi da wuri, ya kai kwalayen abinci na ƙarshe, ya hau ganuwa ya ƙara duba dalarsa, ya naɗe tsumma a kan sanda ya jiƙa da dizal ya jingine wa tsohon kusa da kujera. Sannan ya kama hanyar filin jirgi. A can ya tarar da labarin cewa ƙanƙara ta rufe garin da matan za su taso. Ya zauna. Ya sha kofi, ya tashi, ya sake zama. Yana iya tafiyarsa, babu wanda zai ga laifinsa, kuma wani sashe na zuciyarsa ya yi ta gaya masa haka. Amma ya tuna tsofaffi biyu za su sauka a garin da ba su san kowa ba, ranar da ko tasi ba a samu, sai ya gyara zama.

Sai bayan la'asar suka fito. Ingrid siririya ce mai ɗingishi saboda gwiwa, ta yi aikin jinya har ta gaji. Solveig gajera ce kakkaura, ta shekara talatin tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta cikin ƙanƙara, kuma tun kafin ta zauna ta fara duba tayoyin motarsa.

Babban titi ya yi kyau har suka kusa. Daga mararrabar da ake karyawa zuwa bakin kogi kuwa, motoci ne jere iya ganinka, ko motsi babu. Duk jihar ta fito kallon wuta. Nolan ya dubi rana, ta yi ja ta sauko kan gonakin rake. Ya sake dubawa.

"Mista Louque," Ingrid ta ce daga baya, "na daɗe ina kallon fuskar masu jiran labari a asibiti. Wa ke jiranka?"

Bai saba ba baƙi labarin gidansa ba, amma ya ba su, a taƙaice, idonsa na kan motar gaba. Da ya gama Solveig ta buga cinya.

"To me muke yi a nan? Ba wata hanya?"

Akwai wata hanya, kuma a nan ne ɗan gari yake faɗawa cikin ramin da baƙo ba zai taɓa faɗawa ba, don baƙo bai ma san da ita ba. Hanyar gona ce da ta ratsa rake daga babban titi ta ɓulla bayan gidajen Paulina. A kanta Nolan ya koyi tuƙi. Ya san lokacin yankan rake ne, ya san manyan motocin gona sun wata biyu suna tattaka ta, ya san an yi ruwa a makon. Duk ya sani. Amma mu nan haka muke, gani muke hanyar da ta san mu tun muna yara ba za ta ci amanarmu ba. Ya karya kan mota ya shiga.

Sun yi nisa kuwa, har ya fara jin daɗi. Sai bas ta yi wani nishi, gindinta ya zauna, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa taɓo.

"Tun da ka karya kan nan na san za mu kafe," Solveig ta ce. "Matsa, ba ni sitiyarin. Kai je ka tura."

Ya kwaso ganyen rake ya cusa ƙarƙashin taya, ya sa kafaɗa ya tura, ita kuma tana ba da wuta a hankali irin na wadda ta san aiki. Motar ta ɗan yunƙura ta koma ta ƙara nutsewa. Suka sake, suka kuma sakewa. Nolan ya miƙe, laka tun daga gemu har takalmi, ya ciro waya ya kira Verna. Da ƙyar yake jin ta saboda hayaniyar mutane.

"Kana ina? Baba ya hau ganuwa tun ɗazu. Huey sai zagaya shi yake kamar kyanwa ta ga kifi."

"Na kafe a bayan gona. Ki ce masa ina zuwa."

"Nolan, an kusa busawa fa."

"Ki ce masa ina zuwa."

Ya juya ga matan. Daga inda suke ana hango ganuwa can gaba, bayan filin da aka gama yanke rakensa, tafiya ce mai ɗan tsawo ko ga mai lafiya. Ingrid ta ce ya ruga ya bar su, za su kulle mota su jira.

"Ban taɓa barin baƙo a hanya ba, Mis Ingrid, ba kuma yau zan fara a tsakiyar gona ba. Wuta kuka zo gani. Ku sa rigunan sanyinku."

Haka suka kama tafiya cikin kututturen rake, Ingrid a hannunsa, Solveig a gaba tana zagin laka da yaren kakanninta. Ba su yi nisa ba taɓo ya cinye mata takalmi ɗaya. Ta tsaya ta dubi wurin, ta ce wa taɓon ya riƙe, kyauta ta ba shi, ta ci gaba da safa. Ingrid tana cije leɓe, Nolan kuma yana jin nauyinta na ƙaruwa a hannunsa. Duk jikinsa so yake ya ruga, shi kuma yana auna takunsa daidai da nata. Haske ya yi ta raguwa har suka daina ganin ƙafafunsu sosai.

Sai jiniya ta tashi.

Nolan ya tsaya cak. Daga hagu zuwa dama, iya tsawon ganuwa, wuta ta miƙe, dala bayan dala, sama ta yi ja, ƙarar gora da ihun jama'a suka iso su har cikin gona. Bai taɓa ganin layin daga nesa haka ba, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Ya ga Huey a zuciyarsa riƙe da sandar da shi ya naɗa da safe. Ya sunkuyar da kai.

"Ayya, Mista Louque," Solveig ta ce a hankali. "Mu ne muka ja maka."

"Ba ku ba ne, ni na zaɓi hanya. Mu tafi. Na ce ina zuwa."

Suka ci gaba. Can Ingrid ta tsaya ta numfasa, ta nuna da hannu.

"Su wancan gidan me ya sa ba su kunna ba?"

Ya ɗaga kai. A tsakiyar layin wutar akwai giɓi ɗaya baƙi ƙirin, kamar bakin yaro mai famfara. Hasken maƙwabta ya fito da siffar dalar da ke tsaye cikin duhu, ga kuma inuwar babbar bishiya a saitinta. Ko a mafarki Nolan ya san bishiyar nan.

"Mis Ingrid," ya ce, muryarsa ta canza, "ki yi haƙuri da abin da zan yi."

Ya durƙusa. Ta gane, ta hau bayansa ba gardama. Mutanen da suka cika titin bakin kogi a daren nan har yau suna ba da labarin yadda Nolan Louque, mutumin da ba ya kawo baƙo gida, ya ɓullo daga bayan gidansu baƙi wuluk da laka, da tsohuwa goye a bayansa, wata tsohuwar tana bin sa da takalmi ɗaya tana ce wa jama'a su ba da hanya. Ya sauke Ingrid a kujerar da ke ƙofar gida, ya ce wa Verna ga baƙinta nan, ya haye ganuwa.

A kewayen dalar ya tarar da Mis Eula da sauran 'yan motar Litinin sun yi shinge da sandunansu. Maƙwabta sun yi ta zuwa da ashana wai za su taimaka, su kuma suna korar su.

"Ga shi nan," Mis Eula ta ce. "Kullum a makare. Wuce, ubanka ya kusa daskarewa."

Tsohon yana tsaye, ya ƙi kujera. Bakin wutar ya ci tsumma ya kama sanda, harshen ya sauko har ya kusa yatsunsa. Hannun yana ta rawa, Huey kuma ya tallafe masa gwiwar hannu da hannu biyu, zufa na zuba masa duk da sanyi.

"Don Allah zo ka karɓi abin nan kafin ya ƙone mu," Huey ya ce. "Na ce ya ba ni in riƙe masa kawai, ya ce in na taɓa sandar sai ya kwaɗa mini ita. 'Yan kwana-kwana sun zo sun tambaya ko lafiya, ya juya musu mataccen kunnensa."

Nolan ya tsaya a gaban mahaifinsa yana haki.

"Baba, ka ce in ba na nan Huey za ka ba."

"Verna ta ce ka ce kana zuwa." Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ka taɓa cewa kana zuwa ba ka zo ba? Karɓi. Hannuna ya gaji."

Nolan ya sa hannu a kan hannun ubansa, ya ji rawar tana shiga nasa, sannan yatsun tsohon suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ya juya ya cusa bakin wutar a gindin dala, a ƙofar da ya bari da kansa don iska. Itace ya yi shiru na ɗan lokaci, sai wuta ta ruga ta cikin dalar ta fito ta sama, gora ta fara fashewa, layin ganuwa ya cika. Mutanen da tuni suka gama ihun tasu wutar suka sake sabon ihu. Nolan ya yi kuka, bai ɓoye ba, hawaye ya yi hanya biyu a cikin lakar fuskarsa.

A ƙasa, Ingrid da Solveig suna zaune da kwanon gumbo a cinya, Verna ta ba Solveig silifas ɗinta, babu wadda ta tuna da ɗaukar hoto. Bas ɗin ta kwana a gona, sai bayan Kirsimeti wani mai tarakta ya ciro ta, kuma har yau ba a daina tsokanar Nolan a kai ba.

Alcide ya koma kujerarsa ya zauna. Ya dubi tafin hannunsa kamar bai san abin da zai yi da shi ba, sannan ya cusa hannu biyu a aljihun rigarsa ya jingina baya yana kallon wuta. Duk tsawon zamanmu da shi, ba mu taɓa ganin ya kalle ta hannu a aljihu ba sai ranar.